Na'urar Gano Hayaƙi a Gida: Yadda Ake Zaɓa, Inda Ake Kafawa da Yadda Ake Kula da Ita

Na'urar gano hayaƙi wata 'yar ƙaramar na'ura ce mai kamar faifai, wadda girmanta bai wuce tafin hannu ba sosai. Ana maƙala ta a silin, kuma da zarar hayaƙi ya shige ta sai ta fara ƙara mai tsanani. Ba ta kashe wuta. Aikinta shi ne ta tashi mutanen gida tun wutar ba ta yi ƙarfi ba, domin su samu damar fita da ƙafafunsu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe mutane kusan 180,000 a kowace shekara, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ne. A Amurka, ƙungiyar kariya daga gobara ta NFPA ta gano cewa kusan uku cikin biyar na waɗanda gobarar gida ke kashewa, suna mutuwa ne a gidajen da babu wannan na'ura, ko kuma akwai ta amma ba ta aiki. Samun na'urar da ke aiki na rage haɗarin mutuwa a gobarar gida da kimanin rabi. Wannan ne ya sa Faransa ta wajabta kafa ta a kowane gida tun shekarar 2015.

Me ya sa hayaƙi ya fi harshen wuta kisa?

Akasarin waɗanda ke rasuwa a gobarar gida hayaƙi ne ke kashe su kafin wutar ta iso gare su. Hayaƙin gobara na cutar da jiki ta hanyoyi kamar haka:

- Iskar kabon monoksaid: Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana manne wa himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Idan ta mamaye jini, ƙwaƙwalwa da zuciya ba sa samun iskar da suke buƙata, sai mutum ya rikice, ya suma.
- Iskar sayanaid: Tana fitowa idan katifar soso, kushin, robobi da wasu yadudduka suka kama. Tana hana ƙwayoyin jiki amfani da oksijin ko da ya isa gare su.
- Ƙarancin oksijin: Wuta na cinye iskar da ke cikin rufaffen ɗaki.
- Zafi da toka: Suna ƙona hanyar numfashi, maƙogwaro ya kumbura har ya toshe.

Mutane da yawa na zaton ƙaurin hayaƙi zai tashe su. Hanci ba abin dogaro ba ne idan mutum yana barci, kuma kabon monoksaid ƙara nauyin barcin take yi. Kunne kuwa yana ji ko da ana barci, shi ya sa aka yi na'urar da ƙara.

Akwai kuma batun lokaci. Kayan ɗakin zamani kusan duk soso ne da roba da leda, kuma sun fi katako da auduga saurin kamawa. Gwaje-gwajen da cibiyar UL ta Amurka ta yi sun nuna cewa a ɗaki mai irin waɗannan kaya, lokacin tsira na iya zama minti uku ko ƙasa da haka. Wanda ya farka a minti na farko yana da damar ɗaukar yaransa ya fita. Wanda ya farka a minti na huɗu wataƙila ba zai ma ga ƙofa ba.

Ire-iren na'urorin

1. Mai aiki da haske (fotoyilektirik). A cikinta akwai ɗan haske da kuma wani ido na lantarki. Idan hayaƙi ya shiga, sai ya tarwatsa hasken ya faɗa kan idon, na'urar ta yi ƙara. Ta fi saurin gano wutar da ke ci a hankali ba tare da harshe ba, kamar katifar da maganin sauro na kunnawa ya taɓa, ko wayar lantarki da ke narkewa, ko garwashin da ya faɗa kan darduma. Irin wannan wuta ce ta fi yi wa masu barci illa. Yawanci ana sa mata harafin P a bayanta.

2. Mai caza iska (ayonaizeshan). Tana ɗauke da ɗan ƙanƙanin sinadari mai suna amerisiyam-241, wanda ke sa lantarki ya ratsa iskar da ke cikinta. Hayaƙi na rage wannan lantarki, sai ta yi ƙara. Ta fi saurin gano wuta mai harshe, kamar ta takarda ko ta fetur, amma hayaƙin girki na yawan sa ta ƙarar banza. Ana gane ta da harafin I, ko rubutun Am-241, ko alamar tiriri mai kunnuwa uku. Sinadarin ba ya cutarwa muddin ba a fasa na'urar ba.

3. Mai haɗa biyun. Tana ɗauke da duka hanyoyin, sai dai ta fi tsada.

4. Na'urar gano zafi. Ba ruwanta da hayaƙi. Tana ƙara ne idan zafin wurin ya kai wani mataki, galibi kusan digiri 58. Ita ce ta dace da kicin da gareji. Ba a sa ta a ɗakin kwana a madadin ta hayaƙi, domin kafin zafi ya kai haka hayaƙi ya riga ya yi ɓarna.

5. Na'urar gano kabon monoksaid. Na'ura ce dabam. Ta hayaƙi ba ta jin wannan iska, sai dai idan an rubuta cewa an haɗa su a jiki ɗaya.

Haka kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke gano yoyon gas ɗin girki. Wannan ma da nata na'urar, kuma ita kusa da ƙasa ake kafa ta, saboda gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi.

Ga yawancin gidaje, mai aiki da haske ita ce zaɓin farko a ɗakunan kwana da falo.

Abin da za a duba kafin a saya

- Shaidar inganci. A nemi lambar EN 14604 (ma'aunin Turai) ko UL 217 (ma'aunin Amurka) a jikin na'urar hayaƙi. Ta kabon monoksaid kuwa EN 50291 ko UL 2034. A duba jikin na'urar kanta, kada a tsaya a kwali kawai. Wadda ba ta da sunan kamfani, ba lamba, ba takardar bayani, a bar ta komai arhar ta.
- Ranar da aka ƙera ta. Shekara goma ne tsawon aikin na'urar, kuma daga ranar ƙira ake ƙirgawa, ba daga ranar saye ba. Wadda ta yi shekara huɗu a shago, saura mata shida. Saboda haka a guji 'yar gwanjo.
- Irin batirin. Akwai mai batir da ake canzawa, irin mai bolt 9 ko ƙanana na AA. Akwai kuma mai batirin litiyam da aka rufe a ciki, wanda aka tsara ya kai shekara goma. Wannan ta biyu ta fi kwanciyar hankali, domin ba wanda zai zare batirin ya sa a rediyo ko tocila.
- Mai haɗe da wutar gida. Dole ta zama tana da batirin ko-ta-kwana. A inda ake yawan ɗauke wuta, wannan batiri ne zai riƙa ɗaukar nauyin, don haka zai ƙare da wuri. A kuma lura cewa waɗanda aka yi don kasuwar Amurka na aiki ne da bolt 120, alhali wutar gidajenmu tana tsakanin 220 da 240. Ƙwararren mai aikin waya ne kaɗai ya kamata ya haɗa irin wannan.
- Ƙarfin ƙara. Ma'auni shi ne aƙalla desibel 85 daga nisan mita uku.
- Maɓallin gwaji da na yin shiru. Na biyun na dakatar da ƙarar na 'yan mintoci, sannan na'urar ta koma aiki da kanta. Yana da muhimmanci sosai a gidan da ake turaren wuta.
- Masu haɗin gwiwa. Akwai na'urorin da idan ɗaya ta ji hayaƙi duk sauran za su ɗauki ƙara, ta waya ko ba waya. Sun dace da gidan bene da babban gida mai sassa da yawa.

Guda nawa ake buƙata, kuma a ina?

Ƙa'idar ita ce a sa ɗaya a cikin kowane ɗakin kwana, ɗaya a hanyar da ke gaban ɗakunan kwana, ɗaya a falo, sannan aƙalla ɗaya a kowane hawa idan gidan bene ne, har da saman matakala.

Tsarin gida na iya sauya lissafin. A gidan da kowane ɗaki ke buɗewa zuwa tsakar gida, babu wani lungu da hayaƙi zai taru a cikinsa, kuma na'urar da aka sa a zaure ko a rumfa ba za ta ji abin da ke faruwa a ɗakin da aka rufe ba. A irin wannan gida kowane ɗaki da ake kwana a ciki na buƙatar tasa, har da shagon samari da ɗakin mai gadi. Ga mai ciki da falo, ɗaya a uwar ɗaki ɗaya a falo. Mai haya a ɗaki guda ma zai iya sa mai batir, ya cire abarsa idan zai tashi.

Idan kuɗi ba su kai a saya wa ko'ina lokaci guda ba, a fara da ɗakin da yara ke kwana, da na tsofaffi ko marasa lafiya, sai falo inda kayan lantarki suka fi yawa. Guda ɗaya da ke aiki ta fi babu nesa ba kusa ba.

Wurin da ya dace a cikin ɗaki

Hayaƙi sama yake tashi, ya bazu a ƙarƙashin silin, sannan ya fara saukowa. Saboda haka:

- Tsakiyar silin ne wuri mafi kyau. A nisanta ta da bango da ƙwan lantarki da aƙalla santimita 30, domin iska ba ta zagayawa sosai a kusurwa.
- Idan akwai fankar sama a tsakiya, a matsar da na'urar kimanin mita ɗaya daga bakin fukafukan fankar.
- Idan dole sai a bango, kuma takardar na'urar ta yarda da hakan, kada nisanta da silin ya wuce santimita 30, kada kuma a matse ta cikin kusurwar.
- A rufi mai tsini, a sa ta cikin mita ɗaya daga ƙololuwa, amma a bar aƙalla santimita 10 tsakaninta da tsinin.
- A ɗakin da ba silin, kada a manna ta da jikin kwano. Yawancin na'urorin an yi su ne don zafin da bai wuce digiri 38 zuwa 40 ba, kuma kwanon rufi na wuce haka da rana a lokacin bazara. Zafi na kashe batir da wuri. A kafa ta a jikin katakon rufi ko a saman bango.

Wuraren da za a kauce wa su ne cikin kicin ko ƙasa da mita uku daga murhu, cikin banɗaki ko daf da ƙofarsa saboda tururi, kusa da taga ko bakin na'urar sanyaya ɗaki, da kuma bayan labule ko saman kabad inda hayaƙi ba zai kai ba.

Yadda ake kafa mai batir

1. A karanta takardar da ta zo da ita.
2. A raba faifan baya da jikin na'urar, yawanci murɗawa ake yi.
3. A ɗora faifan a wurin da aka zaɓa, a yi alamar ramukan da fensir. A tabbatar babu wayar lantarki a wurin kafin a huda.
4. A ɗaure faifan da sukurori. A silin na roba ko na kwali, a nemi inda katako ya bi ta baya. A silin na filasta ko na kankare, a sa 'yan robobin da ke riƙe sukuru.
5. A sa batir, ko a zare 'yar ledar da ke tare shi, sannan a murɗa na'urar ta zauna.
6. A danna maɓallin gwaji har ta yi ƙara. Wani ya shiga sauran ɗakuna ya rufe ƙofa, ya ji ko ƙarar na kaiwa.
7. A rubuta ranar da za a canza ta a gefenta.

A hau tsani mai ƙarfi, wani ya riƙe. Kada a ɗora kujera kan tebur.

Kula da ita

- A danna maɓallin gwaji sau ɗaya a wata. Wanda hannunsa ba ya kaiwa ya yi amfani da sanda. Kada a gwada ta da ashana ko kyandir.
- Mai batirin canzawa, a sa mata sabo sau ɗaya a shekara. Farkon hunturu lokaci ne mai kyau, domin a lokacin ne gobara ta fi yawa.
- Ƙura na shiga na'urar ta sa ta ƙarar banza, ko ta toshe ƙofofinta. A riƙa share ta da burushi mai laushi ko na'urar zuƙe ƙura, musamman lokacin hazo da bayansa. A cire yanar gizo-gizo da gidan zanzaro.
- Kada a shafa mata fenti, kada a fesa mata maganin sauro ko turare. Idan an rufe ta saboda aikin fenti, a buɗe ta a ranar.
- Ƙara ɗaya 'yar gajera da ke maimaituwa kusan kowane minti na nufin batir ya yi sanyi ko na'urar ta tsufa. Ƙarar gobara kuwa mai ƙarfi ce, ba ta tsayawa.
- Idan ta cika shekara goma a canza ta, ko da tana amsa gwaji.

Babban abin da ke mayar da na'urar ta zama ado shi ne cire batir saboda ƙarar banza. Idan turaren wuta ko hayaƙin girki ya tayar da ita, a fara tabbatar da cewa ba gobara ba ce, a danna maɓallin shiru, a buɗe taga. Idan abin ya yi yawa, a sauya mata wuri ko a riƙa ajiye kaskon turare nesa da ita.

Janareta, gawayi da kabon monoksaid

Duk gidan da ake amfani da janareta, gawayi, risho ko gas na buƙatar na'urar gano kabon monoksaid kusa da inda ake kwana. A ɗakin da ake kunna wuta, ana kafa ta tsakanin mita ɗaya zuwa uku daga abin da ake kunnawa. Tsawon aikinta yana tsakanin shekara biyar zuwa goma, kuma ana rubuta ranar ƙarewarta a jiki.

Na'urar ba ta ba da lasisin ganganci. Ba a tayar da janareta a cikin ɗaki, zaure, lungu, ƙarƙashin matakala ko baranda, ko da an buɗe taga. Hukumar CDC ta Amurka na ba da shawarar a ajiye shi a waje, aƙalla mita shida daga ƙofa da taga. Haka nan ba a kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki, ko da don jin ɗumi ne ko don mai jego.

Alamun shaƙar wannan iska sun haɗa da ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da rikicewa, shi ya sa ake yawan ɗaukarsa maleriya. Abin da ke bambanta su shi ne yawanci babu zazzaɓi, mutane da yawa a gida na kamuwa a lokaci guda, kuma suna jin sauƙi idan sun fita waje.

Yara, tsofaffi da masu matsalar ji

Bincike ya nuna cewa yara da yawa ba sa farkawa da ƙarar na'urar, saboda nauyin barcinsu. Saboda haka a sanya babba guda da zai ɗauki alhakin kowane yaro, da kowane tsoho ko mara lafiya da ba ya iya fita da kansa. Tsofaffi kan rasa jin siririyar ƙara, don haka mai kaurin sauti ta fi tashe su. Ga kurame akwai mai walƙiya da kuma mai girgiza da ake sawa ƙarƙashin matashi. Masu shan maganin barci su ma su sanar da wani a gida.

Idan ta yi ƙara, sai me?

Na'urar lokaci kawai take sayo wa mutum. Amfaninsa ya danganta ga shirin da aka yi tun da wuri:

- Kowa ya san hanyar fita biyu daga ɗakinsa idan da hali. Ƙarfen taga ya hana mutane da yawa tsira, don haka a sa a yi wa aƙalla taga ɗaya a kowane ɗakin kwana ƙarfe mai buɗewa ta ciki.
- Makullin ƙofa da na get su kasance a wuri guda da kowa ya sani, inda za a iya laluba a duhu.
- A rufe ƙofar ɗaki kafin a kwanta, domin tana jinkirta shigowar hayaƙi da wuta.
- Idan akwai hayaƙi a yi rarrafe, iska mai kyau na ƙasa.
- A taɓa ƙofa da bayan hannu kafin a buɗe. Idan da zafi a nemi wata hanya.
- A tsayar da wurin haɗuwa a waje, a ƙirga kowa. Kada a koma ciki don kuɗi, waya ko takardu.
- A kira 'yan kwana-kwana daga waje. A Nijeriya lambar gaggawa ita ce 112, a Nijar 18, a Gana 192, a Kamaru 118. Yana da kyau a ajiye lambar ofishin kashe gobara mafi kusa a waya.

A gwada wannan shiri da iyali sau biyu a shekara, ɗaya daga ciki da dare.

Yaushe za a je asibiti?

Duk wanda ya shaƙi hayaƙi a rufaffen wuri ya kamata likita ya duba shi, ko da ba ƙuna a jikinsa. A garzaya ba tare da jinkiri ba idan akwai dishewar murya, wahalar numfashi, tari da baƙin majina, toka a hanci ko baki, ƙonewar gashin hanci ko fuska, ciwon ƙirji, rikicewa ko suma. Kumburin maƙogwaro na iya bayyana bayan sa'o'i, lokacin da ake ganin kamar komai ya wuce. Mai juna biyu ta je ko da ba ta jin komai, domin jinin ɗan tayi ya fi na uwa riƙe kabon monoksaid.

Kada a dogara da 'yar na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa, domin tana iya nuna lamba mai kyau alhali jini cike yake da wannan guba. Maganin farko shi ne oksijin mai yawa ta abin rufe hanci da baki. Da iskar gari, jiki na ɗaukar sa'a huɗu zuwa biyar kafin ya fitar da rabin gubar. Da tsantsar oksijin, lokacin na raguwa zuwa kimanin sa'a ɗaya da 'yan mintoci.

Idan akwai ƙuna, a kwarara wa wurin ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a sa ƙanƙara, man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja ko gishiri.

Hanyar da ta fi sauƙi a fara ita ce a zagaya gida yau, a ƙirga ɗakunan da ake kwana a cikinsu, a duba inda janareta yake da inda ake ajiye makulli. Wannan lissafin ne zai nuna yawan na'urorin da ake buƙata da kuma ɗakin da ya kamata a fara da shi.